Thierry Sabine: Shekara 40 da mutuwar Baturen da ya mayar da hamadar Nijar filin tsere

Ranar 14 ga Janairun 2026 aka cika shekara 40 cif da faɗuwar wani jirgi mai saukar ungulu a kusa da garin Gourma-Rharous da ke arewacin Mali. Mutum biyar ne a cikin jirgin, kuma babu wanda ya fita da rai. A Faransa mawaƙi Daniel Balavoine aka fi yi wa kuka, domin shi ne tauraron da matasa suka sani. Amma wanda ya tara su a wannan daji shi ne Thierry Sabine, ɗan kasuwa kuma ɗan tseren mota mai shekara 36, mutumin da ya ƙirƙiro gasar Paris-Dakar. Da safiyar ranar ce ayarinsa ya tashi daga Yamai.

Matasan da ke kallon gasar Dakar a wayoyinsu yau sun san ta ne a rairayin Saudiyya, har wasu na tambayar abin da ya haɗa sunan babban birnin Senegal da Jidda ko Riyadh. Iyayensu a Nijar sun san wani zamani daban, lokacin da kusan duk watan Janairu ɗaruruwan motoci da babura da manyan motocin kaya ke shigowa ta arewa, su kwana a Agadas, su keta Tenere, su gangaro Tawa ko Damagaram, su yada zango a Yamai. A kan iyakar Nijar da Libiya Sabine ya taɓa ɓacewa, a can ya samo dabarar da ta yi masa suna da arziki, kuma a hamadar Nijar aka watsa tokarsa.

Ɗan likitan haƙori

An haifi Sabine ranar 13 ga Yunin 1949 a bakin birnin Faris, a gidan masu hali. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne da ke shiga tseren mota don sha'awa. Turawa suna da irin waɗannan mutane da yawa: ba kamfani ne ke biyan su albashi ba, da kuɗin aljihunsu suke sayen mota su biya kuɗin shiga gasa, su yi tseren, ranar Litinin su koma ofis. Kwatankwacinsu a wajenmu shi ne attajirin da ke kiwon dawakin sukuwa a Kano ko Maraɗi, amma ba ya barin yaransa su hau, shi da kansa yake ɗarewa.

Thierry ya tashi a cikin wannan harka. Ya yi tseren mota a gasanni daban-daban na Faransa, ya shiga tseren awa 24 na Le Mans da mota ƙirar Porsche a tsakiyar shekarun 1970. Direba ne mai kyau, amma ba ya cikin zakarun zamaninsa, kuma da alama ya gane hakan da wuri. Baiwarsa ta gaskiya ita ce tara jama'a. A 1975, yana da shekara 25, ya shirya tseren babura a rairayin bakin teku na garin Le Touquet da ke arewacin Faransa, inda ƙwararre da ɗan koyo ke tashi a layi ɗaya lokaci ɗaya. Har yau ana yin wannan gasa.

A watan Janairun 1977 ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice, wanda wani Bafaranshe mai suna Jean-Claude Bertrand ke shiryawa. A kan babur Yamaha XT500 yake. Bayan ya wuce Dirkou ya saki hanya, ya faɗa cikin duwatsu da rairayin da ke kan iyakar Libiya, shi kaɗai, ruwansa ya ƙare. Sai da ya kwana a wurin, rai a hannun Allah, kafin wani ƙaramin jirgin sama da aka tura nemansa ya hango shi.

Wani da ya tsira daga irin wannan sai ya rantse shi da hamada har abada. Sabine kuwa ya koma gida da lissafi. Ya ga cewa tsoron da ya ji abin sayarwa ne, kuma a Turai akwai dubban mutane masu kuɗi da mota da zaman gundura waɗanda za su biya don su ɗanɗana shi.

Ranar 26 ga Disambar 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro a Faris. Suka tsallaka teku zuwa Aljeriya, suka bi ta Tamanrasset, suka shigo Nijar ta Assamaka da Arlit zuwa Agadas, daga nan Yamai, sannan Mali, har Dakar: kimanin kilomita 10,000. Guda 74 kacal suka kai. Wani matashi Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya, a kan irin babur ɗin da Sabine ya ɓata da shi. An kammala ranar 14 ga Janairun 1979, wato shekara bakwai daidai kafin ranar da mai gasar zai mutu.

Kuɗin da ke cikin ƙura

Kamfaninsa, Thierry Sabine Organisation, yana samun kuɗi ta fuska uku: kuɗin shiga da kowane ɗan gasa ke biya, kuɗin kamfanonin da ke son a ga sunansu, da kuma rediyo da talabijin. Lokacin da ya zaɓa ma dabara ce. Farkon Janairu Turai na cikin sanyi da duhu, wasanni sun yi ƙaranci, mutane na zaune a gida. Hoton mota tana tashi sama a kan tudun rairayi cikin rana tsaka ya fi komai jan ido a irin wannan lokaci. Kamfanin lemo na Oasis ne ya ɗauki nauyin gasar farko. Daga baya kamfanonin taba irin su Rothmans da Marlboro da Camel suka mamaye jikin motocin.

Shekarun farko sun fi kama da biki. An ga ƙaramar Renault 4 ta wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, ta kai Dakar a 1979. A 1980 wasu suka zo da Vespa. A 1981 har Rolls-Royce aka shigo da ita, wani kamfanin turare ya biya. Babu na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam a lokacin, sai kamfas da littafin hanya, don haka ɓata ya zama ruwan dare. Kuma kowane ɓata talla ce. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, ya yi kwana shida ba a san inda yake ba a kudancin Aljeriya, sai da jirgin sojan ƙasar ya gano shi. Duniyar da ba ta san gasar ba ta san ta a wannan mako.

Shekara ta 1983 ce ta gina sunan Sabine kansa. A karon farko ya tura ayarin ya ratsa tsakiyar Tenere, guguwar rairayi ta taso, kimanin 'yan gasa 40 suka watse a cikin hamada. Ya kwashe kwana huɗu yana shawagi a jirgi mai saukar ungulu yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, har aka same su duka. Daga nan 'yan gasa suka riƙa kallonsa kamar uba: dogon mutum mai gemu cikin fararen kaya, wanda da asuba yake tsayawa da lasifika yana tsorata su da abin da ke gabansu, da dare kuma ya fita neman wanda bai iso ba. Shi ne ya jefa su cikin haɗarin, shi ne kuma mai ceto, kuma duka biyun suna cikin abin da suka biya.

Manyan kamfanoni suka biyo baya. Jacky Ickx, gwarzon Le Mans, ya ci gasar 1983 da Mercedes. Porsche ta ci ta 1984 da René Metge. Bayan mutuwar Sabine, Peugeot ta shigo da ƙarfinta, kuma a 1988 ababen hawa 603 ne suka tashi.

Garin da ya fi kowanne cin moriyar wannan a Nijar shi ne Agadas. Sau da yawa a nan ayarin ke hutawa, don haka na 'yan kwanaki gidaje kan zama masaukin haya, kanikawa da masu walda su kwana suna aiki, maƙeran azurfa su sayar da abin da a da sai su yi watanni ba su sayar ba. Motocin da suka lalace da tayoyi da kayan gyara da aka bari a baya duk sun sami masu so. Farashin komai kan tashi, talakan gari ya ji a jikinsa, sannan ayarin ya wuce. Abin da ya fi daɗewa shi ne hoton. Miliyoyin Turawa sun ga hasumiyar babban masallacin Agadas da tuddan Tenere a talabijin, kuma daga cikinsu aka sami masu yawon buɗe ido da suka riƙa zuwa shekara da shekaru, suna ɗaukar direbobi da 'yan jagora da masu dafa abinci.

Ba a cika faɗa ba, amma hanyoyin da Turawan ke alfahari da “ganowa” tsofaffin hanyoyi ne. Ayarin raƙuman gishiri ya yi ɗaruruwan shekaru yana bin Tenere daga Abzin zuwa Fachi da Bilma, madugu na duban taurari da yanayin rairayi, babu kamfas, babu jirgin ceto.

Shekarar 'Yar Buhari

Sunan Karakara ba ya cikin zangunan da gasar ta yi suna da su. Garin na can kudu a Jihar Doso, cikin kwarin Dallol Mawri mai rake da rogo, dab da iyakar Najeriya. Amma wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa gasar Sabine ta sha suka, daga irin wannan gari ya kamata ya kalle ta.

Damina ta 1984 ba ta yi ba a faɗin Sahel. A watan Afrilun wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a lokacin canjin kuɗi, kuma ba a buɗe su ba sai a watan Maris na 1986, bayan Janar Babangida ya karɓi mulki. Ga garuruwan bakin iyaka irin su Karakara, waɗanda kasuwarsu da aurensu da ci-raninsu ke haɗe da Kamba da Kangiwa da Argungu, wannan rufe ƙofa ne a daidai lokacin da rumbu ya ƙare. Shi ya sa a Nijar har yau ake kiran yunwar da sunan 'Yar Buhari. Dabbobi suka mutu, makiyaya suka gangaro kudu hannu wofi, gwamnatin Seyni Kountché ta koma neman taimakon abinci da tura jama'a noman rani.

Cikin wannan hali, a Janairun 1985, ayarin Dakar ya sake ratsa Sahel. A jerin waɗanda suka shiga gasar a shekarar har da Yarima Albert na Monako da yayarsa Gimbiya Caroline. Mota ɗaya ta kamfani kan ci kuɗin da zai ciyar da ƙauye, ga jiragen sama na ɗauke da abinci da likitoci da 'yan jarida, duk suna wucewa ta gaban mutanen da ke layin karɓar tsaba.

A Faransa ƙungiyoyi suka haɗu ƙarƙashin wata inuwa mai suna Pa'Dak suna neman a soke gasar, tare da goyon bayan masana irin su René Dumont. A 1988 jaridar fadar Fafaroma ta bayyana gasar a matsayin nuna isa da dukiya a inda mutane ke mutuwa da yunwa da ƙishirwa. Akwai kuma jini. Motocin da ke gudu kamar walƙiya suna bi ta cikin ƙauyukan da yara ke fitowa kallo. A 1988 an kaɗe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali. A 2006, shekara 20 bayan mutuwar Sabine, an kashe yara biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Duk ɗan gasar da ya mutu, jaridun Turai na da sunansa da hotonsa da tarihinsa. Na 'yan ƙauye kuwa, sau da yawa layi ɗaya ne a ƙarshen rahoto.

Sabine bai toshe kunne gaba ɗaya ba. Ya haɗa gasar da wani shiri na kai injinan jawo ruwa ƙauyukan Sahel, yana amfani da motoci da jiragen ayarin. Wannan shiri ne ya kawo Balavoine a 1986. Mawaƙin ya taɓa shiga gasar a matsayin ɗan tsere a 1983 da 1985, abin da ya gani a hanya ya dame shi, sai ya dawo ba don tsere ba, don injinan ruwa. Masu suka sun ce wanke fuska ne kawai. Gaskiya ne kuɗin injinan ba su kai cikin cokalin abin da ake kashewa a kan motoci ba. Gaskiya ne kuma ƙauyen da ya sami inji ya sha ruwa.

Daren Gourma-Rharous

Zangon ranar 14 ga Janairun 1986 dogo ne, sama da kilomita 800 daga Yamai zuwa Gourma-Rharous. Da rana Sabine da Balavoine suna Gao, inda suka gana da hukumomi kan batun injinan ruwa, aka kuma nemi Sabine ya buɗe wasan ƙwallo tsakanin Gao da Mopti. Wasan bai fara a kan lokaci ba. Kafin su tashi rana ta yi ƙasa, ga iska ɗauke da ƙura, jirgin nasu kuma ba shi da kayan tafiyar dare.

Sun sauka a Gossi, suka sake tashi. Da duhu ya rufe sai suka sauka a daji, kimanin kilomita 20 kafin masauki. Sabine ya tsayar da wata motar gasa ya ce a aiko musu da mota. Sai kuma, saboda dalilin da har yau ake gardama a kai, jirgin ya sake tashi, yana tafiya ƙasa-ƙasa yana bin fitilun wata mota. Wajen ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ya daki tudun rairayi ya tarwatse, saura kimanin kilomita takwas.

Ban da Sabine da Balavoine mai shekara 33, akwai 'yar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur, da matuƙin jirgin, François-Xavier Bagnoud, ɗan Siwizalan mai shekara 24. Mahaifiyar matuƙin, Albina du Boisrouvray, ta sayar da mafi yawan dukiyarta ta kafa gidauniya da sunansa, wadda ta yi fice wajen kula da marayun da cutar ƙanjamau ta bari a Afirka da Asiya.

Ba a dakatar da gasar ba. Metge ya sake cinye ta da Porsche 959, Neveu ya ci ɓangaren babura. Tsohon likitan haƙorin, Gilbert Sabine, ya karɓi ragamar kamfanin ɗansa, ya riƙe har farkon shekarun 1990, lokacin da gasar ta koma hannun kamfanin Amaury, mai tseren keke na Tour de France.

An ƙone gawar Sabine kamar yadda wasu Turawa ke yi, aka kai tokar arewacin Tenere aka watsa a gindin wata bishiyar ƙaya tilo da ke kan tudu, a hanyar da ta tashi daga Abzin zuwa Chirfa. Tun daga nan taswira ke kiran ta da sunansa. Mutane kan rikita ta da ɗaya shahararriyar bishiyar Tenere, wadda wani direban babbar mota ya kaɗe a 1973. Gangar jikin waccan tana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Abokinsa na Agadas

Babu Baturen da zai ratsa da ɗaruruwan motoci ta Tenere ba tare da 'yan gari ba. Na hannun daman Sabine a Nijar shi ne Mano Dayak, Ba'abzine daga kwarin Tidene, kusan sa'ansa. Mano ya yi karatu a Agadas, ya fita zuwa Amurka da Faransa, ya dawo da matarsa Bafaranshiya suka kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages. Shi da direbobinsa ne suka san inda rairayi ke haɗiye mota da inda rijiya take. Gasar ta buɗe masa ƙofofin Faris: 'yan jarida, 'yan fim, 'yan siyasa. Da Bernardo Bertolucci ya zo ɗaukar wani ɓangare na fim ɗinsa da ya fito a 1990, Mano ne ya tsaya masa.

A watan Mayun 1990 aka yi kisan Tchintabaraden, inda sojoji suka hallaka Abzinawa fararen hula bayan wani hari da aka kai garin. Tawaye ya biyo baya. Rhissa Ag Boula, wanda ya jagoranci ƙungiyar tawaye ta farko a Abzin, tsohon akawun kamfanin Mano ne. Shi ma Mano ya wallafa littafi a Faris a 1992 kan halin da mutanensa ke ciki, daga baya ya shiga daji ya jagoranci nasa ɓangaren. Motocin da suka ɗauki masu yawon buɗe ido da direbobin da suka yi wa gasar jagora, da yawansu sun koma ɗaukar mayaƙa. A kudancin Nijar har yau akwai masu kallonsa a matsayin wanda ya yi amfani da abokansa Turawa ya ɓata sunan ƙasa. A Agadas gwarzo ne.

Ranar 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Yamai, ranar da Nijar ke hutu duk shekara don tunawa da ita. Ɓangaren Mano bai shiga ba a lokacin. Ranar 15 ga Disambar 1995 ya hau ƙaramin jirgi daga duwatsun Abzin zai je ganawa da Firaminista Hama Amadou. Jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Da yawa daga magoya bayansa ba su taɓa yarda cewa haɗari ne kawai ba. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi yanzu. Tsakanin cikarsa shekara 30 da rasuwa da cikar Sabine 40, wata ɗaya ne.

Yadda gasar ta bar Nijar

Bindiga ce ta kore ta, a hankali. A 1991 an harbe wani direban motar kayan gasar a arewacin Mali. Bayan sulhu ta dawo da ƙarfi a 1997, inda aka tashi daga Dakar aka juyo a Agadas. Amma a Janairun 2000, ayarin yana Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alƙahira, hukumomin Faransa suka yi gargaɗin cewa masu ɗauke da makamai na jiran sa a arewa. Aka soke duk zangunan cikin Nijar, aka yi hayar manyan jiragen dakon kaya ƙirar Antonov suka kwashe motocin zuwa Sabha a Libiya. Tun daga ranar gasar ba ta sake taka ƙasar Nijar ba.

A 2008 aka soke ta gaba ɗaya ana jajibirin tashi, bayan kashe Faransawa huɗu a kusa da Aleg a Moritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi ta a Kudancin Amurka, daga 2020 a Saudiyya. Wani abin dariya: ɗan Afirka na farko da ya ci ɓangaren motoci, Giniel de Villiers na Afirka ta Kudu, ya ci ne a 2009, shekarar farko da gasar ta bar nahiyar. Wani tsere da ake kira Africa Eco Race na ci gaba da zuwa Dakar ta Maroko da Moritaniya, amma ba ya biyowa ta Nijar.

Yawon buɗe idon da gasar ta haifa bai daɗe a bayanta ba. Tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a watan Satumbar 2010 sun ƙarasa shi. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, baƙin da za su zo kallo sun riga sun ɗauke ƙafa.

Masu tafiya da masu zama

Taken da Sabine ya yi wa gasarsa shi ne: ƙalubale ga masu tafiya, mafarki ga waɗanda suka zauna a gida. Turawa yake nufi. Amma duk wanda ya tashi a Karakara ko Gaya ko Dogon Dutsi ya san gidan da wannan magana ta dace da shi, inda ɗa ke Kwatano ko Legas ko Tarabulus, ƙanne kuma na kallon hotunansa a waya suna ƙirga ranar tasu tafiyar.

Kudancin Doso yanki ne na mota da babur, ko da ba na tsere ba. Ta gadar Gaya da Malanville manyan motocin kaya da tsofaffin motocin Turai da aka sauke a tashar ruwan Kwatano suka yi shekaru suna shigowa, kafin rikicin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya toshe gadar, jama'a suka koma kwalekwale. Saurayin da ke kabu-kabu a kan rairayin Dallol, da buhu biyu da fasinja ko jarkokin mai a baya, ya san abin da yashi ke yi wa taya fiye da yawancin waɗanda suka biya miliyoyi don su koya. Gasar ba ta taɓa zama tasa ba, domin kuɗin shiga kaɗai ya fi ƙarfin abin da zai tara a shekaru.

Hanyoyin arewa kuwa ba su mutu ba. Da baƙi suka daina zuwa, direbobin Agadas da suka san Tenere suka koma ɗaukar masu zuwa Libiya, daga baya kuma masu neman zinariya a Djado bayan gano ta a 2014. Agadas, Dirkou, Séguédine, Madama: sunayen da ke littafin hanyar 'yan gasa su ne dai a bakin 'yan ci-rani. Motar ita ce Toyota Hilux, mutum ashirin da wani abu a baya, kowa ya riƙe sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Da Hilux ɗin tsere ne attajirin Saudiyya Yazeed Al-Rajhi, wani ɗan kasuwar mai tsere da kuɗinsa, ya ci gasar Dakar ta 2025.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, dab da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance na Jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su, a yankin da ayarin farko na Sabine ya bi ya shigo Nijar. A 2017 wasu 44, akasari 'yan Gana da Najeriya, suka mutu haka tsakanin Agadas da Dirkou. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda aka tsaurara da matsin lambar Tarayyar Turai, ta sa direbobi barin sananniyar hanya mai rijiyoyi zuwa ɓoyayyun hanyoyi, inda mota in ta tsaya babu mai wucewa. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023.

A Assamaka, garin farko da ayarin 1979 ya taka a Nijar, hukumomin Aljeriya kan sauke waɗanda suka koro a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 a ƙafa kafin su iso gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ce ke fita neman waɗanda suka kasa ƙarasawa, da babur mai ƙafa uku.